Injin Watt Da Takardarsa: Tarihin Wani Haƙƙin Mallaka Da Ya Yi Shekara 31

Ranar 5 ga watan Janairu, 1769, hukumar Ingila ta ba wani mutumin Sikotland mai suna James Watt wata takarda mai lamba 913. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne, an amince cewa Watt ya gano sabuwar hanyar rage yawan tururi da makamashin da injin wuta ke ci, don haka ba wanda zai ƙera inji bisa wannan hanya, ko ya sayar, ko ya yi aiki da shi, sai da yardarsa. Wa'adinta shekara 14 ne, amma sai da ta yi shekara 31 tana aiki. Yau fiye da shekara ɗari biyu ke nan masana tarihi da masana tattalin arziki na ta gardama a kanta: shin ita ce ta haifar da injin da ya sauya duniya, ko kuwa ita ce ta ɗaure shi a turke har tsawon wani zamani?

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san mece ce wannan takarda. Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin hukuma da mai fasaha. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙago a rubuce, yadda kowa zai iya karantawa, ita kuma hukuma ta hana kowa kwaikwayonsa har zuwa wani lokaci. In wa'adi ya cika, abin ya zama na kowa. Birnin Venice na ƙasar Italiya ya kafa irin wannan doka tun 1474. Ingila ta yi tata a 1624, bayan mutane sun gaji da yadda sarakuna ke ba 'yan fada ikon su kaɗai za su sayar da gishiri ko katin karta. Majalisa ta soke irin waɗannan kyaututtuka, ta bar ƙofa ɗaya tak ga wanda ya ƙago sabon abu, shi ma na shekara 14. Ana cewa an zaɓi wannan adadi ne don ya isa a yaye yaran koyon sana'a zubi biyu, kowane zubi shekara bakwai. Marubuci zai gane cewa wannan 'yar uwar haƙƙin mallakar littafi ce, domin dokar Ingila ta 1710 da ta fara kare marubuta ita ma shekara 14 ta yanka wa sabon littafi.

Ruwa A Cikin Rami

Ba Watt ne ya ƙago injin tururi ba. Tun 1712 wani maƙeri, Thomas Newcomen, ya kafa injin da ke zuƙe ruwa daga ramin haƙar kwal. Matsalar masu haƙar ma'adinai ke nan a ko'ina: duk zurfin da aka ƙara, ruwa na biye, kuma dawakin da ke jan guga ba sa iya cim masa. Injin Newcomen yana cika wata babbar silinda da tururi, sai a watsa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa, nauyin iskar waje ya danna fistin ƙasa, shi kuma ya ja wani ƙaton gungume da ke ɗaga famfo. Shi kansa Newcomen bai samu takardar kansa ba, don wani Thomas Savery ya riga ya karɓi wata a 1698 wadda ta rufe duk wata hanyar ɗaga ruwa da ƙarfin wuta, kuma majalisa ta tsawaita ta har 1733. Dole Newcomen ya shiga inuwar Savery, alhali injinsa ya fi na Savery nesa ba kusa ba.

Aibin injin Newcomen shi ne ci. Kowane bugu sai an sanyaya silinda, sannan a sake ɗumama ta, wato kamar matar da ke kashe murhu duk lokacin da ta juya tuwo, ta sake hurawa. A bakin ramin kwal wannan ba damuwa ba ce, tun da ga ɓarɓashin kwal nan a zube ba mai saye. Amma inda sai an sayo kwal daga nesa, injin yakan cinye ribar.

Watt yana gyaran kayan awo a Jami'ar Glasgow aka kawo masa wani ɗan ƙaramin samfurin injin Newcomen ya gyara. A 1765 ya gano maganin abin: a bar silinda da zafinta kullum, a janye tururin zuwa wata tukunya daban mai sanyi, a can ya koma ruwa. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, ana iya faɗinta cikin numfashi ɗaya. Mayar da ita inji mai aiki kuwa sai da ya ci shekara 11.

A nan ne amfanin takardar ya fara bayyana, kuma duk mai sukar ta ya kamata ya tsaya a nan ya yi adalci. Watt ba shi da kuɗi. Gwaji yana cin ƙarfe da ladan maƙera, ga shi maƙeran lokacin ba su iya huda silinda ta fito daidai yadda tururi ba zai tsere ta gefen fistin ba. Wani mai masana'antar ƙarfe, John Roebuck, ya biya masa basussuka da kuɗin takarda, bisa sharaɗin kashi biyu cikin uku na haƙƙin nasa ne. Duk da haka sai da Watt ya koma aikin awon hanyoyin ruwa don ya ci da iyalinsa. Da Roebuck ya karye a farkon shekarun 1770, sai Matthew Boulton, mai babbar masana'anta a Soho kusa da Birmingham, ya karɓi rabonsa a madadin bashin da yake bin sa. Mai karatu ya lura da abin da aka yi ciniki a kai. Injin da ke ƙasa a lokacin tarkace ne da bai taɓa aikin kirki ba. Abin da Boulton ya saya takarda ce. Ita ce ta mayar da tunanin da ke cikin kan wani mutum ya zama kadara, wadda za a raba kashi uku, a jinginar, a biya bashi da ita.

Watt ya koma Birmingham a 1774. A shekarar ce John Wilkinson ya fito da na'urar huda bakin igwa, wadda aka ga tana huda silinda sumul. Inji ya tashi. Amma fa shekara biyar ta riga ta tafi daga cikin 14, takardar za ta mutu a 1783, kuma Boulton ɗan kasuwa ne, ba zai zuba dukiya a gonar da za a ƙwace kafin kaka ba. Saboda haka suka nufi majalisa. Duk da adawar wasu wakilai, ciki har da Edmund Burke, a 1775 aka yi doka ta musamman da ta ba takardar sabon wa'adi na shekara 25 daga wannan shekarar, zuwa 1800, ta kuma haɗa da Sikotland. A 1776 injinan farko suka fara aiki.

Kashi Ɗaya Cikin Uku

Kasuwarsu ta farko mai tsoka ita ce Cornwall, wani yanki a ƙuryar kudu maso yammacin Ingila mai arzikin kuza da jan ƙarfe. Ramukansu na da zurfi, wasu har ƙarƙashin teku, ga shi ba su da kwal, sai an yo musu dakonsa a jirgin ruwa daga Wales. Injin Watt ya rage cin kwal da fiye da rabi, don haka ramukan da ake shirin rufewa suka farfaɗo.

Yadda Boulton da Watt suka tsara karɓar kuɗinsu abin a duba ne. A shekarun farko ba su ƙera inji su sayar kamar yadda ake sayar da keke. Suna ba da zane da wasu ƙananan sassa masu wuyar ƙira, su turo ma'aikacin da zai haɗa, mai rami ya sayi sauran kayan da kuɗinsa. Ladansu kuwa shi ne kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal ɗin da injin ya rage, in an gwada da abin da injin Newcomen zai ci, kowace shekara har takarda ta ƙare. Watt har ya ƙera wata 'yar na'ura a cikin akwati mai kulle, tana ƙirga bugun inji, don kada a yi masa ƙwange. Da farko kowa ya yi murna, tun da kashi biyu na mai rami ne. Amma ɗan Adam yakan manta da ciwon da aka warkar masa, ya riƙa tuna kuɗin magani. Bayan shekara goma ba wanda ke tuna injin Newcomen, sai dai a ga kuɗi na tafiya Birmingham. Da farashin jan ƙarfe ya faɗi a shekarun 1780, sai gunaguni ya zama gaba.

Abin dariya, su ma sun ɗanɗani irin tuwon da suke tuƙa wa wasu. Boulton ya matsa wa Watt ya yi injin da zai juya ƙafa, don masaƙu da injinan niƙa. Hanya mafi sauƙi ita ce hannun juyi, irin wanda ke haɗa feda da ƙafar keken ɗinki, abin da aka sani tun zamanin da. Sai ga wani James Pickard ya karɓi takarda a kansa a 1780. Watt ya ƙi neman sulhu da shi, ya zagaya ta wata hanya mai haƙoran ƙarfe biyu, ɗaya na kewaya ɗaya, wadda ya yi wa takarda a 1781. Da ita kamfanin ya yi ta aiki har takardar Pickard ta mutu a 1794. Wasu na kawo wannan a matsayin shaidar ɓarnar takardun mallaka, wasu kuma na cewa ai ga shi shingen ya sa an ƙago sabon abu. Ni dai abin da na lura shi ne, da shingen ya faɗi, hannun juyin aka komawa.

Rigimar gaske da mutanen Cornwall aka yi ta. Jonathan Hornblower ya karɓi takarda a 1781 a kan inji mai silinda biyu, inda tururi ke aiki a ƙarama sannan ya wuce babba ya sake aiki. Tunani ne mai kyau ƙwarai, shi ne daga baya manyan jiragen ruwa suka dogara a kai. Amma injin nasa yana bukatar tukunyar sanyaya tururi, ita kuwa ta Watt ce. Da Hornblower ya nemi majalisa ta ƙara masa wa'adi a 1792, Boulton da Watt, waɗanda suka ci irin wannan alfarma, suka tashi tsaye har aka hana shi. A 1793 suka kai Edward Bull ƙara, a 1796 suka kai Jabez Hornblower da abokin cinikinsa Maberly. Lauyoyin waɗanda ake ƙara sun kama wani lago: bayanin da Watt ya rubuta a 1769 ba shi da zanen inji, ƙa'idoji ne kawai a dunƙule, to ana iya mallakar ƙa'ida? Alƙalai suka rabu a kan wannan tambaya, shari'a ta yi ta jan ƙafa, sai a 1799 aka yanke hukunci Watt ya yi nasara, saura shekara guda takardar ta mutu. Masu ramukan da suka daina biya suna jiran sakamako dole suka biya bashin da ya taru. Har Wilkinson mai huda musu silinda an gano yana ƙera injinan a ɓoye, shi ma ya biya.

A cikin gida ma an taka wa wani burki. William Murdoch, amintaccen ma'aikacinsu a Cornwall, ya ƙera ɗan samfurin keken da tururi ke tuƙawa a 1784. A wannan shekarar Watt ya cusa keken tururi a cikin wata sabuwar takarda da ya karɓa, ba kuma da niyyar ƙerawa ba. A 1786 Boulton ya gamu da Murdoch a hanya zai tafi Landan da samfurinsa, ya lallashe shi ya juya. Watt bai yarda da tururi mai matsin gaske ba, yana ganin tukunya za ta fashe ta kashe mutane, kuma ba da irin wannan tururi ba, inji ba zai ƙanƙance har ya hau kan ƙafafu ba.

Bayan 1800

Takarda ta mutu, Watt ya yi ritaya da dukiyarsa. A jajibirin Kirsimeti na 1801 Richard Trevithick, ɗan Cornwall wanda ya taɓa aiki da Bull, ya tuƙa keken tururi ya hau tudu a garin Camborne. A watan Fabrairu, 1804, injinsa ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum kusan 70 a kan dogo, tafiyar mil tara da wani abu, a Penydarren ta ƙasar Wales. Jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 jikan wannan inji ne.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa ya faru ne ba tare da hayaniya ba. A 1811 masu ramukan Cornwall suka ga injinansu sun lalace, kwal na ƙonewa a banza. Suka ɗora wa wani dattijon shugaban ma'aikata, Joel Lean, aikin zagayawa yana auna kowane inji, yana buga sakamakon wata-wata. Awon shi ne, laba nawa ta ruwa inji zai ɗaga tsawon ƙafa ɗaya da mudun kwal guda, mudun da ke da nauyin laba 94. Kowa na ganin injin wane ne ya yi zarra, wane injiniya ne ya haɗa shi, kuma ƙofa a buɗe take ga mai son zuwa ya duba. Trevithick ya kafa inji mai matsin tururi a ramin Wheal Prosper a 1812 bai nemi takarda a kansa ba. Samuel Grose ya nuna yadda lulluɓe bututu da silinda ke hana zafi tserewa, kowa ya kwaikwaya. Daga kimanin laba miliyan 20 a 1811, matsakaicin aikin injinan Cornwall ya haura miliyan 50 wajen 1840. Masanin tarihin tattalin arziki Alessandro Nuvolari, wanda ya bi waɗannan rahotanni a wani nazari na 2004, ya nuna cewa a wannan zamani mutanen Cornwall ba su cika neman takardar mallaka a kan injin tururi ba. Dalilin a fili yake. Masu ramukan sukan sa hannun jari a ramuka da yawa, don haka gyaran da aka samu a rami ɗaya riba ce gare su a sauran. Injiniya kuwa sunansa ne jarinsa, wanda injinsa ya hau saman jeri shi ake kira aiki na gaba. Aikin gayya ne, sai dai kowa ya san abin da zai samu a ciki.

Da wannan hujja Michele Boldrin da David Levine suka buɗe littafinsu na 2008 mai sukar mallakar fasaha, inda suka ce takardar Watt ta jinkirta injin tururi da shekaru. George Selgin da John Turner suka mayar musu da martani a 2011. Suka ce takardar Watt tukunyar sanyaya tururi ta rufe, shi kuwa inji mai matsin gaske irin na Trevithick yana iya aiki ba tare da ita ba, yana fesar da tururinsa sama, don haka ba doka ce ta hana a yi shi kafin 1800 ba. Abin da ya hana shi ne rashin tukunyar da za ta jure. Suna da abin nunawa kuwa, domin a 1803 tukunyar wani injin Trevithick ta fashe a Greenwich ta kashe mutum huɗu. Ban da haka, daga cikin injina fiye da 2,000 da aka kafa a Birtaniya kafin 1800, na Boulton da Watt kimanin 500 ne. Mafi yawa irin na Newcomen ne, wanda kowa ke da ikon ƙerawa.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Ba don takardar ba, da wuya Roebuck ko Boulton su zuba kuɗi a kan mai gyaran kayan awo da ba shi da ko sisi, kuma ƙila ƙarin 'yan shekaru a 1775 ya dace, tun da rabin wa'adin farko ya kusa tafiya a gwaji. Amma shekara 25 ta yi yawa, kuma faɗin abin da takardar ta rufe ya fi tsawon illa. Duk mai son gyara injin da ke zuƙe ruwa a rami mai zurfi sai ya bi ta tukunyar Watt, kuma kamfanin ba ya son ba wasu maƙera izinin ƙera nasu samfurin a kanta. A shekarun 1790 ƙarfin Watt ya fi tafiya wajen lauyoyi. Hornblower da Bull ba su kai Watt basira ba, sai dai ba a bar kasuwa ta yanke wannan hukunci ba, kotu ce ta yanke.

Akwai kuma wani lissafi da ke rage wa gardamar zafi. A 1978 Nick von Tunzelmann ya auna abin da injin Watt ya tsimi wa Birtaniya zuwa 1800, ya samu bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba. A lissafinsa, da ba a yi Watt ba, arzikin da ƙasar ta kai a farkon Janairun 1801 da ta kai shi bayan kamar wata guda. Yawancin masaƙun lokacin da ƙarfin ruwan kogi suke juyawa. Tururi bai zama ƙashin bayan masana'antu ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, bayan an samu injina masu matsin tururi da ƙarancin ci, wato bayan gyare-gyaren da mutane da yawa suka yi, waɗanda ba a san sunayen galibinsu ba.

Su waɗannan mutane ko sun so takarda ba lalle su iya saye ba. Kafin gyaran dokar 1852, takardar da ta shafi Ingila kaɗai takan ci fam 100 ko fiye, wadda ta haɗa da Sikotland da Ayaland kuwa wajen fam 300, a zamanin da ƙwararren ma'aikaci bai cika samun fam 100 a shekara ba. Ga kuma yawon ofis-ofis, kowane akawu da kuɗin sa hannunsa. Charles Dickens ya yi wa wannan tsari shaguɓe a wani gajeren labari da ya buga a 1850, a kan wani talakan maƙeri da ya zo Landan neman takarda. Da Petra Moser ta bi kundin babban baje kolin Landan na 1851, ta samu kimanin kashi 11 cikin ɗari ne kawai na kayan da Birtaniya ta baje ke da takardar mallaka. Ta kuma lura ƙasashen da ba su da dokar a lokacin, irin su Suwizalan, ba su gaza kawo sababbin abubuwa ba, sai dai fasaharsu ta karkata ga sana'o'in da ake iya ɓoye sirrinsu, kamar kayan awo da sarrafa abinci.

Trevithick shi ma ya karɓi takarda a kan injinsa a 1802, amma bai samu irin Boulton ba. Ya sayar da rabonsa, ya karye a 1811, ya tafi Peru haƙar azurfa, ya dawo hannu rabbana. Ya roƙi majalisa ta saka masa, ba a ba shi komai ba. Ya mutu a Dartford a 1833, abokan aikinsa ne suka ɗauki gawarsa, aka binne shi a kabarin da ba alama. Watt ya riga shi mutuwa a 1819, yana da shekara 83, da gidaje da gonaki. Daga 2011 zuwa 2022 hotonsa da na Boulton ne ke bayan takardar fam 50 ta Bankin Ingila.